Na jira sabo ya fito don tsoho ya yi araha

Masu bi na ta bayan fage suna tambaya, "Ina katin da ka ce za ka saya a Janairu?", ga amsarku a nan gaba ɗaya, don na gaji da ba da labarin ɗaya bayan ɗaya. Ban saya ba. Kuɗin ma sun fara zagwanyewa. Rubutun yana da ɗan tsawo, wanda azumi ya galabaitar ya ajiye shi sai bayan shan ruwa.

Bari in fara da waɗanda ba 'yan harka ba, don na san gwaggonnina ma suna karanta ni a nan. Katin girafik, wanda muke ce wa GPU, wani ɓangare ne a cikin kwamfuta da ke ɗaukar nauyin duk abin da ya shafi hoto. Mai buga gem shi yake nema, mai zanen gidaje shi yake nema, mu masu tace bidiyo kuma shi ne jakinmu. Idan katin yana da ƙarfi, bidiyon biki na awa biyu ka fitar da shi kafin shayinka ya huce. Idan ba shi da ƙarfi, ka danna ka je ka yi sallah ka dawo ka tarar yana nan yana jan ƙafa. Ni da shi nake ci, da shi nake biyan hayar shago, da shi nake sallamar yarona ɗaya da ke koyon aiki a wajena.

Wanda nake amfani da shi yanzu RTX 3070 ne mai giga 8, na hannu, na saye shi ƙarshen 2022. Wanda ya san harkar zai gane abin da wannan lokacin yake nufi. A 2021 masu haƙar kirifto sun wawashe katuna a duniya, katin da aka fitar a kan dala 499 sai da ya haura dala 1,000. To a watan Satumban 2022 sai Ethereum ta canza tsarinta, aka daina haƙar ta da kati, dare ɗaya waɗannan injuna suka zama kayan nauyi. Sai aka dinga zubo su kasuwa kamar tumatir a kaka. Wanda ya sayar mini ya rantse cewa wai na wani yaron Bature ne da ke buga gem a ƙarshen mako. Na kalli ƙurar da ke maƙale a fankar, na kalli farashin, na zaɓi in yarda da shi. Ban ɗora wa kowa laifi ba, araha ce ta ja ni. Kuma a yi adalci, ya yi mini shekara biyu yana aiki a zafin Kano da ƙurar hunturu. Daga bara ne ya fara ƙara kamar injin markaɗe, wani lokacin kuma ana tsakiyar fitar da aiki sai fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin.

Don haka na shiga adashi. A watan Disamba ɗaukata ta zo, na haɗa da ɗan abin da na tara, suka kama naira miliyan 1 da dubu 200. A lokacin akwai wani mai shago da na saba da shi, yana da RTX 4070 Super sabo dal a kwali, kuma kuɗina sun isa. Ya ce mini, "Malam, ɗauki abin nan ka huta." Na yi murmushi irin na wanda yake jin ya fi mai kaya sanin kasuwa. Na ce masa, "Alhaji, wata mai zuwa sababbi za su fito. Ko dai in sayi sabo, ko wannan naka ya faɗo ƙasa in zo in same shi a arha." Ya ce, "To, Allah ya kai mu." Bai ƙara komai ba. Yanzu nake fassara wannan shirun nasa.

Lissafina ba na wauta ba ne a takarda. Haka waya take yi, haka mota take yi, sabon yayi ya fito tsohon ya sauko. Abin da ban saka a lissafi ba shi ne, kamfanin yana iya daina ƙera tsohon tun kafin sabon ya iso. Kuma hakan aka yi. Tun ƙarshen 2024 aka fara janye manyan katunan jerin 40 daga masana'anta, shaguna suka sayar da abin da ya rage musu, rumbu ya zama wayam. Ka ga ranar da sabo ya fito, babu tsohon da zai faɗi.

Ranar 6 ga Janairu aka yi jawabin Nvidia na taron baje kolin fasaha na CES a Las Vegas. A agogonmu wajen ƙarfe 3 da rabi na dare ne, wato mun shiga 7 ga wata. Na tashi, na saka data, na zauna a falo da bargo ina kallon Jensen Huang, shugaban Nvidia, da baƙar rigar fatar nan tasa. Ya jero su: RTX 5090 dala 1,999, sai 5080 dala 999, sai 5070 Ti dala 749, sai 5070 dala 549. Sannan ya faɗi maganar da ta hana ni komawa barci, cewa ɗan ƙaramin 5070 ɗin nan na dala 549 zai yi aikin 4090, katin da aka fitar a 2022 a kan dala 1,599. Na ɗauko waya na buga lissafi. Dala tana wasa tsakanin naira 1,500 da 1,600 da 'yan kai, ka ga 549 bai kai dubu 900 ba. Ko 5070 Ti ma, in na ɗan matsa, zai shiga. Da asuba na ce wa uwargida, "Kin ga amfanin haƙuri?" Ta ce, "Yallaɓai, ni dai a bar mini kuɗin kayan azumi a gefe."

Ina da aboki da ke karatu a Amurka, tare muka taso. Muka yi da shi zai saya mini, in wani zai zo gida ya ba shi ya taho da shi. Ranar Alhamis 30 ga Janairu aka buɗe sayar da 5090 da 5080, ƙarfe 9 na safe a wajensu, ƙarfe 3 na yamma a nan. Ba su nake nema ba, sun fi ƙarfina, amma muka ce mu gwada mu ga yadda abin yake. Yana kan waya da ni, ya buɗe shafuka huɗu. Ya ce, "Ga shi nan, ga shi nan." Kafin ya gama faɗa ya ce, "Ya ƙare." Na ce me ya ƙare? Ya ce komai. Ban ko gama gyara zama ba.

Daga baya labarai suka fito. A Amurka mutane sun kafa tantuna kwanaki a ƙofar shagunan Micro Center cikin sanyin Janairu, alhali wasu rassan 5090 ɗin da aka kai musu bai kai guda 10 ba. A Ingila wani babban shago ya sanar cewa mai son 5090 zai iya jiran sati 3 zuwa 16. A Tokyo, unguwar Akihabara, wani shago ya ce zai yi ƙuri'a, ɗaruruwan mutane suka yi cincirindo har wani ya haura shingen makarantar yara da ke maƙwabtaka, dole aka soke ƙuri'ar a wajen. Japan fa, inda muke jin labarin mutane suna bin layi ko girgizar ƙasa ake yi.

Su wa suka kwashe? Wasu dai masu buƙata ne na gaske. Amma da yawa 'yan bumburutu ne, irin namu na lokacin wahalar fetur, sai dai su ba jarka suke ɗauka ba, manhaja suke sakawa ta saya musu cikin daƙiƙa kafin ɗan Adam ya kai hannu. Kafin yamma katin dala 1,999 yana eBay a kan ninki biyu har da ɗori. Abin da ya ba ni dariya, wasu da haushi ya kama sai suka dinga saka hoton katin a kasuwa, hoto zalla a takarda, su rubuta a ƙasa cewa hoto ne, don manhajar 'yan bumburutun ta afka ta saya. Na yi dariya sosai ranar, ban san ni ma ina cikin layin ba.

Ranar 20 ga Fabrairu 5070 Ti ya fito, wanda raina ya fi kwanta da shi saboda giga 16. Abokina ya sake gwadawa. Shi wannan katin Nvidia ba ta ma yi nata samfurin ba, sai na kamfanonin da take ba su ƙwaƙwalwar su haɗa, irin su Asus da MSI da Gigabyte da Zotac. Kowannensu zai fitar da samfuri ɗaya a farashin da aka sanar, ɗan kaɗan, don a ce akwai, sauran kuma a ƙara musu fanka da fitilu a ɗora dala 100 ko 200 ko fiye. Mai arhar ya ɓace cikin mintuna, mai tsadar ma bai kai yamma ba. Ranar 5 ga Maris 5070 ya fito, masu gwaji suka auna shi, sai ga shi ko kusa da 4090 bai je ba. Da kaɗan ya ɗara 4070 Super, wato katin da na ƙi ɗauka a Disamba. Ashe waccan maganar ta dandamali ta dogara ne da wata dabara, inda katin zai zana hoto ɗaya na gaske, ƙirƙirarriyar basira ta ƙago har uku ta cusa a tsakani, sai motsin gem ya yi santsi. Ga ɗan gem wataƙila abin so ne. Ni mai tace bidiyon ɗaurin aure, hoton da aka ƙago ba ya rage mini minti ɗaya.

Na koma wajen Alhajin nan. Na yi sallama, muka gaisa, na ɗan yi kewaye-kewaye sannan na tambayi katin Disamba. Ya ce, "Ai Malam tun sati na biyu na Janairu wani yaro mai zanen gidaje ya ɗauke." Na ce wani fa? Ya ce zai iya nemo mini daga Legas, amma ba a tsohon kuɗi ba. Da ya faɗi sabon kuɗin sai na ji kamar ban ji daidai ba. Katin bara, wanda aka riga aka fitar da magajinsa, ya fi tsadar da yake a lokacin da shi ne sabo. Na ce, "Alhaji, tsoho ne fa." Ya ce, "Tsoho ne, amma akwai shi."

Na zauna na bi diddigin abin, don in dai za a ci kuɗina ina son in san dalili. Kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne, yana cikin rahoton kuɗin da Nvidia ta fitar da kanta ranar 26 ga Fabrairu. A shekarar kuɗinsu da ta ƙare a Janairu sun yi cinikin dala biliyan 130.5. A ciki, biliyan 115.2 daga manyan cibiyoyin ajiyar bayanai suka fito, wato injunan da ake horar da ƙirƙirarriyar basira da su, irin ChatGPT da 'yan uwanta. Ɓangaren gem gaba ɗaya, inda katunanmu suke, biliyan 11.4 ne. Bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. A wata ukun ƙarshe ma cinikin gem ɗin sauka ya yi zuwa biliyan 2.5, kuma su da bakinsu suka ce ƙarancin kaya ne ya jawo.

Nvidia ba ta da masana'antar ƙera ƙwaƙwalwar da kanta. Zane take yi, kamfanin TSMC na Taiwan ya ƙera mata, kuma shi ma akwai iyakar abin da zai iya fitarwa, ga Apple da AMD da sauransu duk a layi. Ɗauki manomi mai gona ɗaya. In ya shuka gero zai samu dubu ɗari, in ya shuka riɗi a wannan filin dai zai samu miliyan, kuma masu sayen riɗin sun biya tun kafin damina. Gero nawa kake tsammanin zai shuka? Zai ɗan yafa a gefen kunya don kada a ce ya manta asalinsa. Kati ɗaya na cibiyoyin nan, irin H100, ana maganar dala 25,000 zuwa sama, kuma Microsoft da Meta da Amazon dubbai suke saya a lokaci guda. Mu masu neman na dala 549 mu ne geron.

A kan wannan sai aka ƙara wasu abubuwan. An fitar da katunan ne daidai lokacin hutun sabuwar shekarar China, wadda ta kama 29 ga Janairu, lokacin da masana'antun da ke haɗa su suke rufe. Sannan Trump ya saka harajin kashi 10 a kan kayan China ranar 4 ga Fabrairu, ya mayar da shi kashi 20 a farkon Maris, kamfanoni suka samu hujjar ƙarin kuɗi. Wani zai ce ina ruwanmu da harajin Amurka? Ruwanmu ne, don mai shagon Dubai da na Ikeja duk farashin Amurka suke kallo kafin su yanke nasu, kuma ban taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ga an ƙara a wani wuri ya ce shi ba zai ƙara ba.

Ni ban ga laifin kamfani don ya bi inda kuɗi suke ba. Ni ma in aka kira ni bikin 'yar gwamna da na maƙwabcina rana ɗaya, Allah ya sani sai na yi istigfari kafin in yanke hukunci. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne farashin da ake hawa dandamali a faɗa. Mutum ya ji dala 549, ya gina lissafinsa a kai, ya ƙi sayen abin da ke gabansa, sannan ya tarar lambar nan ta talla ce kawai. Ko AMD da muka saka wa rai, ta fitar da RX 9070 XT ranar 6 ga Maris a kan dala 599 da giga 16, kuma gaskiya ta kawo kaya da yawa fiye da abokiyar hamayyarta, mutane da dama sun samu ranar farko. Amma kafin a je ko'ina wasu shagunan Turai suka fito suka ce wannan farashin na kashin farko ne, na gaba zai ƙaru. AMD ta ce za ta ci gaba da ƙoƙarin a samu a farashin da ta sanar. Mu dai abin da muka gani a shafukan shaguna a lokacin ya haura. Kuma ni manhajojin da nake aiki da su, musamman Blender in na samu aikin zanen gida, sun fi jituwa da katin Nvidia, sauya sheƙa ba ƙaramin abu ba ne a wajena.

Duk wannan fa kukan Bature ne, mai karɓar albashi da dala. Kafin kati ya iso Kano sai ya bi ta hannu nawa? Farashin Amurka ba ya haɗe da harajin sayayya na jiha. Sai kuɗin kago, sai kwastan, sai ribar wanda ya shigo da shi, sai ribar mai shago, sannan kowa a cikinsu yana ƙara wani abu saboda tsoron kada dala ta tashi kafin ya mayar da kuɗinsa. Ban ga laifinsu ba, wanda ya ga abin da ya faru daga Yunin 2023 zuwa yau dole ya ji tsoro. Kafin a saki naira, dala tana wajen 460 a banki, a Wapa 700 da wani abu. A farkon 2025 ta ninka ta Wapar. Ɗauki 5090 a farashinsa na takarda, wanda babu mai samu, a lokacin ya kai naira miliyan 3 da ɗoriya. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na dubu 70 sai ya yi wata 44 bai ci bai sha ba. Na takarda fa na ce.

Sannan ko kyauta aka ba ni 5090, ina zan kai shi? Wat 575 yake ja shi kaɗai, kamfanin da kansa ya ce a nema wa kwamfutar abin ba da wuta mai wat 1,000. Ɗan ƙaramin janareton da yawancinmu ke da shi a shago ko tari ba zai yi ba zai mutu. A farkon 2025 wanda yake layin Band A yana biyan sama da naira 200 kowane yunit, wanda ba ya kai kuma fetur ya haura 800. Ga zafin Afrilu yana tafe, ɗaki ba na'urar sanyaya. Wannan kati ba don mu aka yi shi ba, kuma ban ji haushin hakan ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro ma wani ne. A Fabrairu aka gano wasu daga cikin sababbin katunan sun fito daga masana'anta da tawaya, an rasa wani ɓangare a cikin ƙwaƙwalwar. Inda ya kamata manhajar GPU-Z ta nuna 176 a 5090, sai ta nuna 168. Nvidia ta amsa, ta ce abin ya shafi ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na 5090 da 5070 Ti, daga baya ta ƙara da 5080, ta ce wanda ya samu irinsa ya mayar a canza masa. Ga kuma rahotannin wayar wutar 5090 da ta narke a wajen wasu, matsalar da aka taɓa gani tun a 4090. Wanda yake Amurka zai saka a kwali ya aika, sati biyu a kawo masa wani. Ni da nawa zai zo a cikin akwatin wani, tsakanin turare da takalman yara, wa zan mayar wa? Garantinmu a nan shi ne "gwada a gabana", ka fita daga shago kuma sai Allah.

Ana cikin wannan jiran gawon shanun ne abin ya taɓa aikina. Ƙarshen Fabrairu ina da bidiyon wani biki da na yi alƙawarin bayarwa ranar Laraba, don amarya za ta bi mijinta ƙasar waje ranar Juma'a. Sau uku ina fitar da aikin, sau uku fuskar tana yin baƙi, na ƙarshen ya kai kashi 90 da wani abu. Uwar amarya ta kira. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, na'ura ce ta ba ni matsala." Ta ce, "Ɗana, ni ban san na'ura ba, kai na sani." Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Daren nan na cire murfin kwamfutar, na kafa mata fankar ɗaki, na yanka bidiyon gida huɗu ina fitarwa ɗaya bayan ɗaya, yarona yana zaune yana taɓa jikin katin da bayan hannu kamar mai jinyar zazzaɓi. Mun gama bayan asuba. Na kai da kaina ranar Alhamis da rana. Ta karɓa ta yi godiya, amma akwai bikin ƙanwar amaryar bayan Sallah, kuma har yau ba a kira ni ba.

Yaron nan ne ya yi mini tambayar da ta tsaya mini. Muna shan ruwa a shago ya ce, "Oga, wai mutanen nan a ina suke kallon bidiyon da muke yi?" Na ce a waya mana. Ya ce, "Ta WhatsApp ko?" Ya yi shiru, ni ma na yi shiru. Ina ɗaukar aiki a 4K mai nauyin gaske, irin wanda kwamfutar ke nishi kafin ta buɗe, kuma ɗaya daga cikin abin da ya ja ni ga sababbin katunan shi ne sun iya karanta irin wannan fayil ɗin kai tsaye, wanda nawa bai iya ba. Wannan amfani ne na gaske, ba talla ba. Amma a ƙarshe WhatsApp zai matse bidiyon ya koma kamar an ɗauka da wayar 2015, gwaggo ta kalla ta ce ma sha Allah. In zan faɗi gaskiya, buƙatata kati ne da ba zai mutu a tsakiyar aiki ba. Sauran sha'awa ce, irin ta wanda ya tashi ƙarfe 3 na dare yana kallon mai rigar fata.

Kuɗin kuma, kamar yadda na ce, ba su zauna ba. Kuɗi a hannun magidanci a watan Sha'aban ba sa zama. Buhun shinkafa, sukari, mai, kuɗin makarantar yara zango na biyu, wani ɗan uwa aka kwantar a asibiti. Miliyan 1 da dubu 200 yanzu sun koma dubu 870, ga ɗinkin Sallah ban taɓa ba. Uwargida ba ta ce mini komai ba, sai ranar nan da take zuba kunu ta ce, "Yallaɓai, har yanzu haƙurin ake yi?"

Ga inda nake yanzu. Satin da ya wuce na kai katin wajen wani mai gyara, ya buɗe shi, ya wanke ƙurar, ya canza man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar da ƙarfen sanyaya, wanda ya bushe ya zama kamar ƙanzo, ya saka sababbin fankoki biyu. Da ya ga cikin sai ya ɗago ya kalle ni ya ce, "Malam, wannan ai ya yi haƙa." Na ce na sani. Zafinsa ya sauka sosai, kwana shida ke nan bai yi baƙi ba, amma mai gyaran ya ce kada in ɗauka ya warke. Na koma yin aiki da ƙananan kwafin fayil, sai a ƙarshe in mayar da na asali, kuma fitar da aiki sai bayan sahur lokacin da gari ya yi sanyi. Abin da ya rage na kuɗin na mayar da mafi yawansa dala, ba don ina hasashen komai ba, don dai hannuna ya daina kai musu. Abokina na Amurka ya saka sunansa a jerin jira na shaguna biyu. Na ce masa 5070 Ti in ya samu a dala 800 ko ƙasa ya ɗauka, zan ciko. In ya haura haka ya bar musu kayansu.

Kafin nan, in akwai wanda yake da 4070 Super ko 4070 Ti Super na hannu a Kano ko Kaduna ko Abuja, ya yi mini magana ta bayan fage. Sharaɗina, zan zo da kwamfutata, mu saka shi, mu fitar da bidiyon awa ɗaya a gabanka, kuma zan buɗe GPU-Z in duba. Kada wanda ya ce mini na yaron Bature ne.